Wace kwamfuta ce za ta iya da zanen gini, ta kuma jure zafin Damagaram?

Mutari_Zango: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar kwamfuta tafi-da-gidanka. Sana'ata zanen gini ce, ina aiki da manhajojin zane AutoCAD da SketchUp, kuma ina so in fara fitar da hotunan gini da manhajar Lumion, domin masu ba da aiki yanzu sun fi gamsuwa idan suka ga gidan da fentinsa da inuwarsa kafin a aza tubali. A ƙarshen mako kuma nakan haɗa bidiyon biki. Abin da na tanada jaka 550 ne na sefa (jaka ɗaya sefa dubu ke nan), an kuwa nuna mini guda uku. Ta farko sabuwa ce a kwali, furosesarta (ƙwaƙwalwar na'urar) Core i5-13420H, katin girafik (mai sarrafa hoto) RTX 4050, RAM (ma'ajiyar aikin da ake kan yi) giga 8, SSD (ma'ajiyar fayiloli) giga 512, mai shago ya tsaya a jaka 560. Ta biyu ma sabuwa ce, siririya marar nauyi, Ryzen 7 mai Radeon 780M a jikin furosesa, RAM giga 16, kuɗinta jaka 480. Ta uku ta hannu ce, ThinkPad P52 mai katin Quadro P2000 da RAM giga 32, an ce in ba da jaka 300. Ta yaya zan gane wadda za ta daɗe, wadda za ta ɗauki nauyin aikin nan, wadda kuma kuɗin da zan zuba a kanta ba za su zama asara ba?

Lawali_MaiGyara: Wa alaikumus salam ƙanena. Zan fara da batun ƙarko, tun da shi ne abin da yake zuwa teburina kullum. Abu biyu ne suke kashe kwamfuta a garin nan, zafi da ƙura, kuma tare suke aiki. Yawancin kamfanoni suna rubuta cewa na'urarsu za ta yi aiki daidai a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a Afrilu da Mayu zafinmu yakan haura 40. Ƙurar hunturu ta riga ta toshe ƙananan haƙoran ƙarfen da fanka ke hura iska ta cikinsu, sai bazara ta zo ta tarar da na'urar ba ta numfashi, furosesa ta kai kusan digiri 95 ko fiye, sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Mai ita zai ce kwamfuta ta tsufa, alhali toshewa ce kawai.

Saboda haka idan ka je shago, ka juya ta ka dubi ƙasanta. Ka ga ko fanka biyu ce ko ɗaya, ka ga faɗin ramukan da iska ke shiga, ka kuma tambaya ko ƙusoshin ƙasan na yau da kullum ne waɗanda kowane mai gyara zai iya kwancewa. Bayan haka ka buɗe murfin ka rufe a hankali, kana kallon mahaɗin da ya riƙe fuska da gangar jiki. Idan robar da ke kewaye da mahaɗin tana ɗagawa ko tana ƙara tun tana sabuwa, to nan ne za ta fara tsagewa, domin ƙusoshin mahaɗin a cikin roba suke zaune, kuma zafi yana busar da roba. Gyaran da na fi yi wa kwamfutocin wasa masu sauƙin kuɗi ke nan.

Ɗan_Mirriya: Ni dai shawarata ka ɗauki ThinkPad ɗin ka adana sauran kuɗinka. An gwada irin waɗannan na'urori da ma'aunin sojojin Amurka, ba sa mutuwa da wuri.

Injiniya_Habsatu: Malam Ɗan_Mirriya, maganarka tana da tushe amma tana buƙatar gyara. Ma'aunin da kake nufi shi ne MIL-STD-810, kuma kundin hanyoyin gwaji ne na zafi da girgiza da ƙura da faɗuwa. Kamfani ne da kansa yake zaɓen gwaje-gwajen da zai yi daga ciki, ba sojoji ne suke karɓar na'urar su ba ta shaida ba. Har wasu kwamfutocin wasa, irin su Asus TUF, suna ɗauke da wannan tambari. Alama ce mai kyau, amma ba ta isa hujja ita kaɗai ba, balle ga na'urar da ta fito a 2018 ta kuma yi shekaru a hannun wani.

Malam Mutari, tun da ka ambaci Lumion, to katin girafik ne zai yanke hukunci. AutoCAD na zanen shimfiɗe ba ya neman kati mai ƙarfi, duk ukun za su yi shi. Lumion kuwa kusan dukkan nauyinsa a kan kati yake. Quadro P2000 tana da ma'ajiyar kanta giga 4, tsohon ƙira ce, kuma ba ta da sassan lissafin hasken da Lumion ya fara amfani da su tun fitowar 2023, wato abin da ke sa gilashi da tayil su nuna haske kamar na gaske. Radeon 780M tana cikin mafi ƙarfin katunan da ake haɗawa a jikin furosesa, amma ba ta da ma'ajiyar kanta, daga RAM take yankar rabonta, don haka giga 16 ɗin nan ba duka ne za su zama naka ba. RTX 4050 tana da giga 6 nata na kanta, ita ce kaɗai a cikin ukun da zan ce an yi ta don irin wannan aiki.

Sai dai akwai abin da masu shago ba sa faɗa, wataƙila ma wasunsu ba su lura da shi ba. Nvidia, mai ƙera katin, ta bar wa kamfanonin kwamfuta damar ba RTX 4050 wuta daga wat 35 har zuwa 115. Kwamfutoci biyu za su iya ɗauke da suna ɗaya a kwali, amma wadda aka ba wat 45 ba za ta kama ƙafar wadda aka ba wat 95 ba. Ka sa a kunna maka ita, ka buɗe manhajar sarrafa katin Nvidia, ka shiga bayanan na'ura, a can za ka ga iyakar wutar da aka ba katin.

Ɗan_Mirriya: Na gode da bayanin, Injiniya. Duk da haka ina nan a kan cewa jikin P52 ya fi na sabbin nan ƙwari nesa ba kusa ba, kuma batirinta ana zare shi daga waje ba sai an kwance na'ura ba.

Malam_Isufu: Ina so in ja hankalin masu karanta wannan muhawara da ke shirin sayen ta hannu, ko da ba Malam Mutari ba. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa a hukumance, idan furosesar Intel ce, tana neman ta ƙarni na 8 zuwa sama. P52 ta cika wannan sharaɗi domin ƙarni na 8 ce. Amma kasuwa cike take da na ƙarni na 6 da na 7, ana sayar wa ɗalibai da sunan i7, su kuwa suna ɗauka duk i7 ta fi i5. Misali i7-7500U ƙwayoyin aiki biyu kacal gare ta, alhali i5-13420H da aka nuna wa Malam Mutari tana da takwas. Lambar da ke bin sunan ita ce abin dubawa. Ɗaliban Jami'ar André Salifou da dama sun kawo mini irin wannan tambaya bayan sun riga sun biya, abin yana damuna ƙwarai, domin galibi iyaye ne suka sayar da dabba aka haɗa kuɗin.

Sani_Bidiyo: Yaya Mutari, ni ta ɓangaren bidiyo zan yi magana. Katunan RTX suna da wani sashe na musamman da ke matse bidiyo lokacin fitarwa, don haka a manhajojin haɗa bidiyo irin su Premiere Pro ko DaVinci Resolve za ka ga bambanci a fili, musamman idan kamu da walima da kai amarya duk a faifai ɗaya za su fita. Amma RAM giga 8 ba za ta ishe ka ba ko kusa, Windows da burauza kaɗai sun cinye fiye da rabi. Ka sa kuɗin ƙarin RAM a lissafinka tun yanzu.

Abin da ba a ambata ba har yanzu shi ne fuskar kwamfutar. Kwamfutocin wasa masu rahusa a nan suke rage kuɗi. Za ka ga an rubuta 144Hz da manyan baƙaƙe, wannan saurin motsi ne, masu wasa yake amfana. A ƙasa da ƙananan baƙaƙe sai ka ga 45% NTSC, wato ma'aunin yawan launi, ma'ana fuskar ba ta nuna ko kashi biyu cikin uku na launukan da hotunan intanet ke amfani da su. Na taɓa gyara launin bidiyon wani biki a irin wannan fuska, jan leshin amarya ya fito mini a dushe na ƙara masa ƙarfi, da aka kalla a waya sai ya yi ja fiye da kima. Ga mai nuna wa mutane launin fentin gidansu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ka nemi wadda aka rubuta 100% sRGB ko 72% NTSC.

Alhaji_Garba_SabonGari: Ni ɗan kasuwa ne, ba masanin na'ura ba, amma na daɗe ina kawo kaya daga Kano. Yarona, jaka 560 ba tsada ce ta fitar hankali ba ga sabuwa mai irin wannan kati, sai dai ka tambayi mai shagon abu ɗaya: garantin nan a hannun wa yake? Kwali yakan zo da takardar shekara ɗaya ta kamfani, amma idan an sayo kayan daga Dubai ko Amurka, ba lallai ne kamfanin ya karɓe ta a nan ba, kuma ko ya karɓa sai an yi doguwar tafiya da ita. Garantin da zai amfane ka shi ne wanda mai shago ya rubuta da hannunsa a rasit, da lambar na'urar, da adadin watanni, da abin da zai yi idan ta lalace, canji ko gyara. Wanda ya ƙi rubutawa ya riga ya ba ka amsa.

Rabe_Tanut: Alhaji, ba zai fi masa sauƙi ya shiga Kano da kansa ba? A titin Beirut zai ga iri-iri ya zaɓa, kuma sefa tana da daraja a kan naira.

Alhaji_Garba_SabonGari: Malam Rabe, zuwa da kai ya fi aike, wannan gaskiya ne, kuma zaɓi ya fi yawa a can. Amma ƴan kasuwar Kano da dalar Amurka suke sayo kayan nan, suna kuma sauya farashi da zarar canji ya motsa, saboda haka ribar da mutum yake hange a canjin kuɗi ba ta kai yadda ake zato ba. Ka ɗora kuɗin mota zuwa da dawowa, da na kwana, da abin da za a biya a duwan. Sannan idan ta ba da matsala bayan wata biyu, mai shagon yana wata ƙasa. Mun ga yadda aka yi lokacin da aka rufe iyakar Nijar da Najeriya a 2023, har zuwa Maris na 2024 kayan gyara sai da suka yi wuya a garin nan.

Nana_Matamaye: Ƙari a kan maganar Alhaji, kwamfutocin da ke zuwa ta Najeriya madannansu QWERTY ne, mu kuwa takardun aiki da Faransanci muke rubuta su, hannunmu ya saba da AZERTY. Ana iya sauya tsarin a cikin Windows, amma abin da ke rubuce a kan madannan ba zai sauya ba, mai rubuta takardar kimanta kuɗin gini kullum zai ji jiki kafin ya saba. Cajar ma takan zo da kai mai ƙafa uku irin na Ingila, sai an nemi wata igiyar.

Rabe_Tanut: Wannan ƙaramar matsala ce, Hajiya, akwai takardun liƙawa na madannai a kasuwa. Abin da ya fi damuna shi ne wuta. Kwamfuta mai RTX cajarta takan kai wat 135 zuwa 170 ko fiye, siririyar kuwa wat 65 ya ishe ta. Wanda ya dogara da ƙaramin sola a gida zai ga bambancin a batirinsa tun daren farko. Sannan da zarar an zare caja, katin girafik yana rage ƙarfinsa sosai, batirin kuma ba ya daɗewa idan ana aiki mai nauyi. Idan aka ɗauke wuta da rana tsaka a bazara, ƙarfin da ka biya kuɗi dominsa ba ya hannunka sai ta dawo. Don haka ni ban yarda a yi watsi da ta biyun da sauri haka ba.

Mutari_Zango: Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na koma shagon da tambayoyinku. Yaya Lawali, ta farkon fanka biyu gare ta, mahaɗin murfin kuma bai yi ƙara ba, amma gangar jikin duk roba ce. Injiniya, iyakar wutar katin wat 75 ta nuna. Malam Sani, fuskar 45% NTSC ce kamar yadda ka yi hasashe. Akwai gurbin RAM na biyu babu komai a ciki. Siririyar kuwa mai shago ya tabbatar mini RAM ɗinta a like take da allon ciki, ba a ƙarawa. Ya yarda zai rubuta garantin wata shida, amma bai rage ko dala ba.

Injiniya_Habsatu: Wat 75 matsakaici ne, kuma a yanayinmu ba na kallonsa a matsayin aibi, domin ƙarin gudun da wannan kati yake samu daga nan zuwa sama bai kai ƙarin zafin da yake haifarwa ba. Gurbin da babu komai labari ne mai daɗi: ka sa wata giga 8 mai irin gudun ta ciki, su zama biyu suna aiki tare, na'urar za ta fi sakewa. Amma RAM ta yi tsada tun ƙarshen 2025, ka tambayi farashinta kafin ka biya kuɗin kwamfutar. RAM da aka like ita ce ta sa na cire ta biyun daga lissafi, duk da hujjar Malam Rabe mai ƙarfi ce. Aikin gini yana ƙara nauyi ne kowace shekara, na'urar da ba ta karɓar ƙari kuwa ranar da ta gaza sai dai a sayar.

Kafin ka biya, ka roƙi mai shago ya bar ka ka yi gwaji na kamar rabin awa a cikin shagon, ba a gaban na'urar sanyaya ɗaki ba. Ka je da HWiNFO, manhajar da ke nuna zafi da gudun na'ura, a filashi da wani zanenka mai nauyi, ka sa ta aiki kana kallon zafi da gudu. Minti biyar na farko kowace kwamfuta jaruma ce, abin da take yi bayan ta ɗumama shi ne ainihin ƙarfinta.

Lawali_MaiGyara: Ina goyon bayan gwajin, zan kuma ƙara uku da ba sa cin lokaci, domin ba duk abin da ke cikin kwali ne sabo ba. Ka shigar da lambar na'urar a shafin kamfanin ka ga ranar da garantinta ya fara ƙirgawa. Ka duba SSD da manhajar CrystalDiskInfo, za ta nuna maka awoyin da ta yi a kunne, sabuwa ba za ta nuna ɗaruruwan awoyi ba. Sannan ka buɗe tagar umarni ta Windows (Command Prompt) ka rubuta powercfg /batteryreport, Windows za ta fitar da takardar da ke nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da wanda ya rage masa yanzu. Wannan na ƙarshen ya fi muhimmanci ga P52, ƙanena Ɗan_Mirriya, domin zare batiri daga waje yana da amfani ne kawai idan akwai na kirki da za a mayar, kuma yawancin waɗanda ake kawo mana na tsofaffin na'urori ba na asali ba ne.

Sani_Bidiyo: Ni fa har yanzu fuskar nan tana hana ni amincewa. Idan ya ƙara RAM, ya kuma sayi wata fuska ta tebur mai launi na gaskiya, kuɗin sun wuce abin da ya tanada da nisa. A wannan lissafin me zai hana ya haɗa kwamfutar tebur? Katin tebur ya fi na tafi-da-gidanka samun iska, ana share ƙurarsa cikin sauƙi, kuma duk abin da ya mutu shi kaɗai ake canjawa.

Mutari_Zango: Malam Sani, na yi wannan tunani, amma aikina yana kai ni wurin gini da gidajen masu ba da aiki, wani lokaci har Magariya. Kuma kwamfutar tebur tana mutuwa nan take idan aka ɗauke wuta, sai na haɗa mata da na'urar riƙe wuta.

Malam_Isufu: Ina ganin mun dawo kan tambayar farko, wato mene ne araha. Idan P52 ta yi shekara biyu a jaka 300, kowace shekara ta ci jaka 150. Idan sabuwar ta kai jaka 600 da ƙarin RAM ta kuma yi shekara biyar, kowace shekara jaka 120 ke nan. Amma lissafin yana juyewa idan tsohuwar ta yi shekara huɗu, sabuwar kuma ta tsage a ta uku, kuma bisa abin da Malam Lawali ya faɗa game da roba, hakan yana iya faruwa.

Alhaji_Garba_SabonGari: Malam, lissafinka ya bar abin da na'urar za ta shigo da shi. Idan hotunan nan za su sa yaron ya samu aikin da da ba zai samu ba, to kwamfutar da ke fitar da su ita ce mai araha ko da ta fi tsada. Idan kuwa masu ba shi aiki ba za su ƙara masa ko sisi a kan hoton ba, ya sayi tsohuwar ya riƙe jaka 250 a matsayin jari. Shi ya san mutanensa.

Ɗan_Mirriya: Abin da nake faɗa tun farko ke nan, Alhaji. Lumion ɗin ma ba kyauta ba ne, lasisinsa kuɗi ne masu yawa a kowace shekara, ban ga wanda ya sa shi a lissafi ba.

Injiniya_Habsatu: Wannan gaskiya ne, Malam Ɗan_Mirriya, kuma ya kamata a faɗe shi. Akwai Twinmotion, wanda kamfanin Epic Games ya bari kyauta ga ɗalibai da masu ƙaramar sana'a, yana kuma karɓar zanen SketchUp. Sai dai shi ma kati mai ƙarfi yake nema, don haka sauya manhaja bai ceci Quadro P2000 ba.

Lawali_MaiGyara: Ko wacce ka ɗauka, ƙanena, ka kunna tsarin da ke tsayar da caji a kashi 80 ko ƙasa da haka idan tana da shi, domin batirin da ke cike kullum a cikin zafi shi ne yake kumbura har ya ɗaga madannai. Kada ka aza ta a katifa ko darduma tana aiki, ka ɗaga bayanta kaɗan iska ta shiga. Idan injin wuta za ka yi amfani da shi, ka sa na'urar daidaita wuta tsakaninsa da caja. Sannan a buɗe ta a share fanka a ƙarshen hunturu, kafin zafin Maris ya kankama. Ka tambayi mai shagon ko buɗewar nan da ƙarin RAM za su soke garantin wata shidan, idan ya ce ba za su soke ba, shi ma ya rubuta a rasit.

Nana_Matamaye: Malam Mutari, ba ka gaya mana irin madannan da ke kan ta farkon ba. Sannan ina da tambaya ga Injiniya: ƙanwata za ta fara karatun taswira da manhajar QGIS, kuɗinmu kuma bai kai rabin na Malam Mutari ba. Ita ma sai mai katin RTX, ko ta hannu mai RAM giga 16 za ta ishe ta?